Baba Isiyaku, Mai Gasa Dutse a Tanderuna

Ranar Litinin da hantsi ina tsaye bakin tanderu ina fitar da gashi na biyu, sai Lawali ɗan kabu-kabun da ke kai mini burodi ƙauyukan Bukkuyum ya tsaya, bai ko kashe mashin ba. Ya ce, "Shehu, ka jiya? Tsohon ga mai gasa duwatsu ya rasu. Bayan azahar za a yi mai sallah." Na ce daga Allah muke, gare shi za mu koma, na jingina cebur da bango. Lawali ya ɗaure kwalayensa, ya ƙara da cewa, "Allah shi gafarta mai. Shi dai ya san abin da yat tahi da shi." Ya ja mashin ya wuce. Ban ankara ba sai da na ji ƙauri, layi guda na burodi ya ƙone ƙurmus ina tsaye a kansa.

Na je jana'iza. Sahu ya cika, domin mutanenmu ba sa ƙin sallar gawa. Amma da aka dawo daga maƙabarta aka taru ƙofar gidan, na ga abin da na san zan gani. An shimfiɗa tabarmi a zaure, mutane suka gwammace su tsaya waje ƙarƙashin dogon yaro. An fito da ruwa a kwano, ya zaga hannu zuwa hannu ya koma yadda ya fito. Wata mata ta zo gaisuwa, ta kwance goyonta ta miƙa wa 'yar'uwarta a bakin hanya, ta shiga ita kaɗai, da ta fito ta karkaɗe takalmanta da ƙarfi. Ni na san dalilin wannan duka, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami ko da yake ni mai burodi ne, ba marubuci ba. Dalilin kuwa ni ne.

Wanda bai san ƙasarmu ba sai na yi masa bayani kaɗan. Shekarun baya da zinari ya bayyana tsakanin Anka da Bukkuyum, mutane suka riƙa kwaso duwatsu daga ramuka suna kawowa gida. Ana dakawa a turmi, ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ashe akwai gubar dalma a ciki. Yara suka riƙa sandarewa suna mutuwa, har sai da aka zo aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Tun daga nan, in aka ga mutum ya shiga gida da buhun dutse, ba a tsayawa tambayar wane iri ne.

Baba Isiyaku kuwa da buhun dutse ya shigo garinmu. Daga wani ƙauye wajen Abare ya taso, shi da matarsa Inna Hajo, suka kama hayar ɗan gida a bayan kasuwa. Gajere ne, ya ɗan ranƙwafa, ba shi da yawan magana, yatsunsa duk tabon ƙananan yanka. Sana'arsa fasa dutsen ƙyastu, wanda tsofaffi ke kira ƙanƙara, irin wanda ake bugawa da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe tartsatsi ya faɗa kan audugar rimi wuta ta kama. Fulani na saya, domin da damina ashana kan jiƙe a daji. Majema na sayen masu faɗi don kankare fata, masu sassaƙar ƙwarya na sayen masu tsini. Ranar kasuwa yakan shimfiɗa buzu kusa da rumfar maƙera ya zauna. Inna Hajo ita kuma ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa, kuma kafin abin da zan faɗa ya faru, nata ake fara saye a unguwar.

Ranar da ya fara zuwa wurina, bayan la'asar ne. Ya yi sallama ya ce, "Ɗana, ina son in ga tanderunka." Na ɗauka ragowar burodi yake so kunya ta hana shi faɗa. Ko kallon burodin bai yi ba. Ya tambaye ni yaushe na kwashe garwashi, ya ɗora bayan hannunsa a jikin bango, ya zaga baya ya sake ɗorawa. Sai ya ciro dusa daga aljihu ya watsa cikin tanderun, ya tsuguna yana kallonta har ta yi ja. Ya yi godiya ya tafi. Washegari ya dawo da azahar ya yi haka, jibi ya dawo da sassafe ya yi haka. Ni fa ba na son abin da ban gane kansa ba. Na ce, "Baba, in burodi kake so ka faɗa, in kuma aiko ka aka yi ka duba mini wuri, shi ma ka faɗa."

Ya yi murmushi ya zauna kan icce, ya yi mini bayanin da bai taɓa yi mini mai tsawonsa ba. Ɗanyen dutse, in ji shi, taurin kai gare shi, ka buge shi nan ya fashe can. Amma in aka binne shi cikin yashi aka gasa a hankali, sai ya yi biyayya, ya ɓalle daidai inda ƙahon da yake fasa dutse da shi ya taɓa shi. Wahalar tana wajen wutar. In zafi ya zo da sauri dutsen ya tarwatse, in ya yi yawa ya zama gari a hannu, in ya huce da sauri ya tsattsage. A ƙauye rami yake haƙawa, ya zuba yashi, ya jera duwatsu, ya rufe, ya hura wuta bisa wuni guda, ya bar shi kwana biyu. A gidan haya mai gida ya hana shi haƙa rami, daji kuwa yanzu ba wurin da mutum zai zauna kwana uku ba ne.

Ya ce ya zaga gari kaf kafin ya zo wurina. Ya fara da mata masu gina tukwane, ya roƙi wata ta sa masa duwatsu cikin gashinta. Wutar kara ce, tashi guda take yi. Duwatsun suka fashe suka fasa mata tulu biyu, ta biyo shi da muciya har bakin hanya. Yana ba ni labarin yana dariya har da share ido. Ya je maƙera, ya ce wutar can ta ƙarfe ce, fushi gare ta. Ya duba murhun mai masa, ya ga zafin daga ƙasa kaɗai yake zuwa. "Naka kuwa," ya ce, "bangon shi kauri gare shi, zafi na zuwa ta ko'ina, kuma ba shi hucewa da garaje. Ga shi ba ka gashi ran Juma'a. In ka yarda, in sa tukunyata ran Alhamis bayan ka gama, in ɗauka Asabar da sahe."

Tambayar da kowa zai yi ita na yi. Na ce wane irin dutse ne. Ya ciro guda ya miƙo mini, mai santsi, ruwan toka da ɗan ja-ja. Ya ce, "Ba na rami ba ne, na gulbi ne. Can wajen Gummi nika tsinto su in ruwa ya janye." Ya buga ƙarfe, tartsatsi ya tashi. Na juya dutsen na sake juyawa, ban ga komai ba, kuma ban san ma abin da nake nema ba. Na yarda, amma da sharaɗi, kada kowa ya sani. Ya karɓi dutsensa ya mayar aljihu. Daga baya ya ce, "Abin da ba laifi ba ne, in ka ɓoye shi sai shi yi kama da laifi. Amma tanderunka ne." Ni na kawo ɓoyon, ina so mai karatu ya riƙe wannan.

Haka muka yi wata da watanni. Yakan shanya duwatsun a rana kwanaki, domin mai danshi a ciki fashewa yake yi. Yakan zuba busasshen yashi a tukunyar ƙasa, ya jera su kada ɗaya ya taɓa ɗaya, ya cika da yashi, ya rufe ya liƙe bakin da laka. Ranar Alhamis bayan gashin ƙarshe sai ya watsa dusarsa. In ta yi baƙi nan take, ya ce a jira. In ta ɗauki lokaci kafin ta yi ja, ya tura tukunyar can lungu, mu rufe ƙofa mu liƙe. Yakan ce, "Ba wuta ka gasa dutse ba, yashi ka gasa shi. Wuta dai ta tsaya nesa." Dutsen ƙyastu gashi kaɗan yake yi masa don kada ya riƙa marmashewa in ƙarfe ya buge shi, na majema kuwa yakan bar shi ya ji zafi sosai.

Zuciyata ba ta kwanta ba duk da haka. Wata Juma'a da safe na ce bari in gani da idona, ko wani abu mai ruwan ɗorawa na narkewa a ciki. Na ɓalle ƙofa, na jawo tukunyar, na ɗaga murfi, na tona yashin da ƙarfe. Ban ga komai ba sai duwatsu. Sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, a hankali, kamar gyaɗa a kasko. Na yi maza na rufe, na sake liƙewa da laka na shafe da kyau. Asabar ya zo ya buɗe, ya ɗauki dutse guda, ya rabe biyu a hannunsa. Ya ɗauki na biyu, haka. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ka leƙa." Na fara kame-kame. Ya ce, "Da ka ce kana son gani, ai da na nuna maka yau. Zauna."

Aikin mako uku na ɓata masa, bai ƙara cewa komai a kai ba. Ya zaɓi 'yan waɗanda suka tsira, ya shimfiɗa fata a cinya, ya nuna mini yadda ake riƙe ƙahon, inda ake bugawa, yadda ake sauraron ƙarar. Daga ranar duk Asabar sai ya koya mini na ɗan lokaci kafin in hura wuta. Na yanke yatsa ba sau ɗaya ba, shi kuwa yakan ce hannun mai kwaɓa fulawa ya saba da abin da ba ya gardama. Ya ba ni duwatsu kaɗan in riƙa gwadawa. A nan na zama ɗalibinsa, ko da yake ɗalibi ne mai kallon malaminsa ta wutsiyar ido. Cikin gasasshen dutse ƙyalli yake yi kamar an shafa mai, duk sanda na ga ƙyallin sai in tuna da dutsen zinari. Na kuma lura baƙi masu haƙar zinari kan tsaya rumfarsa ranar kasuwa. Ƙyastu suke saya kamar kowa, amma ni ba haka na lissafa ba.

Sai 'yata Hafsatu, tana da shekara uku, ta kwanta da zazzaɓi har ta sandare a hannun uwarta. Duk uwar da ke ƙasar nan ta san abin da take fara tunawa in ta ga haka. Matata Balki ta san da tukunyar, don ban iya ɓoye mata ba. A asibiti tana kuka ta ce wa matan da ke kusa da ita, duwatsun tsohon nan ne. Aka gwada jinin yarinya aka ce zazzaɓin sauro ne, aka ba ta magani, kwana huɗu ta tashi tana wasa. Maganar dai ta riga ta fita. Ba na ganin laifin Balki, uwa ce ta ga 'yarta a sandare.

Ranar Juma'a da hantsi masu shayi suka zo mini su wajen goma, Mamman a gaba, wanda ya fi kowa ɗaukar burodina. Ya ce, "Shehu, an ce ana toya dutsen zinari cikin tanderun da kaka yi muna burodi. Buɗe mu gani." Na ce ƙarya ne. Suka ɓalle ƙofar da kansu, ga tukunya a lungu, zafi na fitowa. Na dubi fuskokinsu, na dubi buhunan fulawar da ke jingine, na tuna bakin da nake ciyarwa. Na ce, "Ni ban san da ita ba. Tsohon ya taɓa roƙona na hana shi. Ƙila bayan na tashi ya lallaɓo ya sa." Ban rantse ba, wannan kaɗai Allah ya tsare ni daga gare shi.

Aka je aka kira shi. Ya zo da sandarsa, ya yi sallama, ba wanda ya amsa da kyau. Mamman ya ce, "Baba, tukunyar wa ce wagga?" Ya ce, "Tawa ce. Ni na sa ta da hannuna." Mamman ya ce, "Da sanin Shehu?" Baba Isiyaku ya juyo ya dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai irin wanda yake yi wa dusa in ya watsa, yana jira ya ga abin da za ta yi. Na sunkuyar da kai. Ya ce wa Mamman, "Na ce maka ni na sa ta." Ya gaya musu dutsen gulbi ne, ba wanda ya saurara. Ya roƙa a bar ta zuwa gobe ta huce, suka ce ko minti ɗaya. Sai ya tuɓe babbar rigarsa, ya naɗe tukunyar, ya rungume ta ya fita da 'yar shara a jikinsa. Mutane suka dare. Muna jin duwatsun suna tsagewa yana tafiya, wani ya ce, "Kun ji gubar tana fashewa."

Ni kuwa na kankare ƙasan tanderu a gaban jama'a, na yi sabon yaɓe, na hura wuta kwana biyu ba burodi a ciki. Mako bai cika ba masu shayi suka dawo, har ana yaba mini da tsafta, ana jajanta mini yadda tsoho ya ci amanata. Shi kuma sunan ya bi shi. Gidan dalma, haka yara suka riƙa kiran gidansa, kuma yara ba su ƙirƙiro ba, a bakin manya suka ji.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma zan faɗa. Na so a ce zargin gaskiya ne. In da dalma a dutsen, to ƙaryata ta zama rabin gaskiya, in samu in yi barci. Don haka na ƙulle duwatsun da ya ba ni na koyo, da kaɗan daga ƙasar da na kankare a tanderu, na hau mota zuwa Anka. Akwai wani ma'aikacin lafiya a can da ya yi aiki da masu kankare gidaje, aka kwatanta mini shi. Ya kai ni inda ake gwaji, aka ɗora wata na'ura mai kama da babbar tocila a kan duwatsun ɗaya bayan ɗaya, aka ɗora kan ƙasar. Ya ce ba abin tsoro a ciki, wannan ba dutsen rami ba ne ma. Ya tambaye ni ina na samo su, na faɗi sunan mai su.

Ma'aikacin ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce ya san shi sarai. Jikokin Isiyaku biyu a gabansa suka rasu, ɗan tsohon ne ke niƙa dutsen zinari a gida. Lokacin da mutanen ƙauyen ke ɓoye buhuna ƙarƙashin gado don kada a hana su sana'a, Isiyaku ne ya miƙe a masallaci ya ce a fitar da su, ya fara da na ɗakin ɗansa. Aka tsane shi saboda haka, ɗan ya yi fushi ya bar gari, zaman ya gagara, shi ya sa ya taso. Ya ce, "In duk ƙasar ga mutum guda ya rage da ba zai kai dalma kusa da abinci ba, to shi ne." Duk Asabar ɗin da muka yi tare, bai taɓa ambata mini jikokin nan ba.

Na dawo na wuce gidansa kai tsaye. Na same shi a zaure yana gyara bakin wani dutse. Na tsuguna na ce, "Baba, na kai duwatsunka Anka an gwada. Ba komai a ciki." Ya ce, "Na sani, ai ni ka tsinto su." Na ce ya yafe mini, ya ce ya yafe tun ranar. Na ce zan gaya wa mutane gaskiya. Ya ajiye ƙahon ya ce, "Ni ba ni da bukata, Shehu, na tsufa, Fulanina ba su daina saye ba. Innarka dai. Ƙuli-ƙulinta ba shi fita, ɗiyan maƙwabta sun bar shigowa wurinta. Ita ɗiya ta saba gani." Na ce Juma'ar nan bayan an sauko zan faɗa. Ya ce to.

Juma'ar ta zo, na ce bari ƙura ta lafa. Ta gaba ta zo, na ce an kusa azumi, lokacin ciniki ne. Na riƙa gaya wa kaina in mutane suka ji mai burodi ya yi musu ƙarya a kan abin da suke ci, ba za su tsaya jin cewa dutsen ba shi da komai ba. Damina biyu ta wuce ina wannan lissafi. Inna Hajo ta koma bai wa wata mata kayanta tana kai mata kasuwar Gummi inda ba a san ta ba, abin da ke dawowa bai taka kara ya karya ba. Shi kuma wani Bafulatani abokinsa ya ba shi wuri kusa da ruga ya haƙa rami, tafiyar sa'a guda a ƙasa, da tsufansa da buhu a kai. In ruwa ya sauka aikin ya tsaya.

Bai taɓa fasa gaishe ni ba. In ya biyo ta ƙofar gidan burodi sai ya tsaya ya ce ina gajiya, ina Hafsatu. Ni kuma sai na koma zargin gaisuwar. Na ce tuni yake yi mini, so yake in ji kunya a gaban mutane. Na fara shigewa ciki in na hango shi. Da bangon tanderuna ya tsage, ban gaya masa ba, amma ya gani daga hanya. Ya aiko Lawali ya ce in kwaɓa lakar da ƙaiƙayin shinkafa, kuma kada in sa wuta sai ta yi kwana huɗu, in na yi gaggawa za ta sake buɗewa. Na bi maganarsa, bangon yana nan har yau. Ko godiya ban aika ba, ina tsoron a ce muna hulɗa. Da ya kwanta ciwon ƙirji na ji labari, na ce gobe zan je. Ban je ba.

Ranar addu'ar uku, liman ya shafa fatiha mutane suna shirin tashi, na miƙe. Na ce tukunyar nan da sanina aka sa ta, ba sau ɗaya ba, wata da watanni. Na ce ni na ce a ɓoye, shi bai so ba. Na ce na kai duwatsun Anka an gwada ba komai, na sani tun shekara biyu na yi shiru. Na faɗi labarin jikokinsa. Wani daga baya ya ce ƙila dai ina wanke mamaci ne don tausayi, na ce ga ni, duk mai shakka in kai shi Anka ya ji da kunnensa. Mamman ya ce, "Ka bari munka tuɓe tsoho riga a gabanka." Ya tashi ya tafi. Bai sake aiko a ɗaukar masa burodi ba, shi da wasu huɗu, kuma ban ce sun zalunce ni ba.

Da mutane suka ragu na shiga zaure, na tsuguna bakin ƙofar ciki inda Inna Hajo ke zaune bayan labule tana takaba. Ta ji duk abin da na faɗa, gidan ba shi da girma. Na ce, "Inna, ni ne Shehu. Ki yafe mini." Sai ta ce, "Shekara biyu muna gardama ni da shi a kanka. Shi ya ce za ka faɗi, a ba ka lokaci, tsoro ne kawai. Ni na ce ba ka faɗi sai bayan ranshi." Ta ja numfashi. Ta ce, "Ban so in fi shi gaskiya ba, Shehu."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ni kuma ba ni da bakin sake tambaya. Abin da nake roƙon mutanen Bukkuyum, musamman matan bayan kasuwa, shi ne wannan. Gidan nan ba komai a ƙasarsa. Ku shiga ku zauna da ita, ku ci abin hannunta, ku bar yaranku su je ta gan su. In akwai wanda za a ƙaurace wa a wannan magana, kun san ƙofarsa, hayaƙi na tashi a can kowace safiya.

Ya Allah, bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka san abin da aka ce da shi, ka san abin da ya yi shiru a kai, ka san wanda ya rufa wa asiri alhali yana da ikon tonawa. Ka rufa masa nasa asirin, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabari ka sanyaya shi, ka haɗa shi da jikokinsa biyu a gidan rahama. Ka karkato da zuciyar ɗansa, duk inda yake, ya dawo ga mahaifiyarsa. Ka ba Inna Hajo haƙuri da lafiya, ka buɗe mata ƙofar abinci, kada ka bar ta ita kaɗai a tsakar gida. Ni kuma da na jinkirta har lokaci ya ƙure, ka sa ta iya yafe mini kafin nawa ya zo. Amin.